Gwajin maganin kansar nono: mu karɓa, amma da sharaɗi

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata na kasuwar Dogo da kasuwar Dole ta Damagaram, yau maganarmu a kan kansar nono ce. Mun san yadda abin yake: mace ta ji ƙullutu, ta ɓoye don kunya, a yi ta shafe-shafe, sai ciwo ya fashe a garzaya babban asibitin Zinder. Daga nan a tura ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, inda cibiyar yaƙi da kansa ta fara gashin ciwo da na'ura a 2021. Tun 2007 gwamnati ta ce maganin kansar mata kyauta ne, amma kuɗin mota da masauki kaɗai na cinye jari da awaki.

Idan ciwon ya bazu a jiki, likitoci kan haɗa magunguna biyu ko uku ta ƙarin ruwa, abin da suke kira shimiyo. Ta hanyar gwaji aka san haɗin da ke aiki. A 2001 aka fitar da sakamakon gwaji kan mata 469 masu wani nau'in kansa da ake kira HER2. Rabin waɗanda aka ƙara wa Herceptin kan shimiyo sun wuce wata 25 a raye, su kuwa masu shimiyo kaɗai wata 20. Ba warkewa ba ce, amma wata biyar ga uwa mai ƴaƴa ba wasa ba ne.

To, me ya sa gabanmu ke faɗuwa in an ce gwaji? Saboda Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200, guda 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma in mun guje wa gwaji gaba ɗaya, za mu ci gaba da shan maganin da aka auna a jikin wasu. Ra'ayinmu shi ne a kawo shi Nijar da sharaɗi: bayani da Hausa a gaban shaida, magani da kuɗin mota kyauta, ikon janyewa ba tare da an hana mace kulawa ba, da sa idon kwamitin ɗa'a na ƙasa.

Kafin nan, Hajiya, duk ƙullutun da kika ji, kai shi likita tun yana ƙarami. Maigida, kai ma ka raka ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.