Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantun Kwana: A Bar Yaron Da Ya Bugu A Ka Ya Yi Barci



Koke ne ya kawo ni, kuma raina a ɓace yake.

Ɗan ƙanwata yana aji biyar a wata makarantar kwana da zan sakaya sunanta. A gasar ƙwallo ta gidaje suka yi karo da wani yaro, kai da kai. Bai suma ba, jini bai fita ba, sai aka watsa masa ruwa, aka ba shi Panadol, aka ce ya koma fili. Da dare ya zauna firef har ƙarfe goma, kafin asuba siniyoyi suka tashe shi ɗiban ruwa. Haka aka yi ta tafiya. Ranar ziyara uwarsa ta same shi dafe da goshi, yana runtse ido saboda hasken rana, in ta yi masa tambaya sai ya yi jim kafin ya amsa. Malamin ajinsa kuwa ƙara ya kawo: wai yaron ya lalace, sai gyangyaɗi, har an sa shi durƙuso a rana ko zai shiryu.

Likita ya ce girgizar ƙwaƙwalwa ce, kuma ba sai mutum ya suma take samuwa ba. Sau da yawa ko hoton kai ba ya nuna ta. Tambayarsa ta farko ita ce awa nawa yaron yake barci.

Ku lissafa da kanku. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta faɗa tun 2016 cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kullum, mai lafiya ma ke nan. Daga goma na dare zuwa huɗu da rabi na asuba awa shida da rabi ne, in har barcin ya zo nan take. Ina zai zo, ga zafi, ga sauro, ga hayaniyar ɗakin kwana, ga shi jikin matashi dama ba ya jin barci da wuri? Buguwar kanta tana hargitsa barci, rashin barcin kuma yana ƙara ciwon kai da mantuwa. Yawancin yara suna warwarewa cikin mako huɗu. Namu ya wuce haka, kuma ba wanda zai cire min daga rai cewa jadawalinku ne ya ja.

Ban ce ku kulle yaro a ɗaki mai duhu ba. Taron masana girgizar ƙwaƙwalwa na Amstadam a 2022 cewa ya yi a huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya, sannan a fara tafiya da karatu kaɗan-kaɗan. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin buhun shinkafa ba: duk wanda ya bugu a ka a fitar da shi daga wasa ranar, likita ya duba shi, a ɗage masa firef ɗin dare da aikin safe, a ba shi gado mai gidan sauro a ɗakin shan magani, ya kwanta lokaci ɗaya kullum, in ya yi sallar asuba ya koma. A hana shi Nescafe da yamma, wannan da yara ke ɗirka lokacin jarrabawa.

Mu iyaye ma da namu. Har yanzu ana cewa kar a bar wanda ya bugu ya yi barci, kada ya zarce. In likita ya duba shi, a bar shi ya kwanta. Abin gudu asibiti shi ne amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, ko a tashe shi ya kasa farkawa.

FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fara gangamin wayar da kai kan girgizar ƙwaƙwalwa a 2024, abin ya ɗan ba ni ƙwarin gwiwa. Sai na tuna makarantu nawa ne ba su da ko nas, na ji jikina ya yi sanyi. Ma'aikatun ilimi za su iya fitar da takardar umarni. Ban sa rai ba. Ku dai ba ku buƙatar izinin kowa kafin ku kira shugabannin ɗakunan kwana ku gaya musu: yaron da ya bugu a ka, kar wanda ya sake tashinsa ɗiban ruwa.

Wassalam.

Naku,
Wani kawu mai takaici