SILIMA A SAMAN BENE, MATASA A BAKIN KWATA

Jama'a, yau zan taɓo wata magana da na san ba za ta yi wa wasu abokaina daɗi ba. Wanda ya ga kamar da shi nake ya yi haƙuri, amma dai da shi ɗin nake.

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin masu hali da manyan ma'aikata a Kano da Kaduna da Abuja, wato gina ɗakin silima a can ƙololuwar gida. Kun san dogon rufin nan mai tsini da ake yi yanzu, kamar ana jiran dusar ƙanƙara ta sauka a Hotoro. To, sararin da ke tsakanin silin da kwano, ko ɗan benen da ake ɗorawa a saman gida, shi ake gyarawa. A toshe tagogi, a manne bango da soso, a shimfiɗa kafet, a rataya majigi, a jera sifiku lungu-lungu, a kawo kujerun nan masu kwanciya da mutum. Gefe guda teburin sunuka, gefe guda PlayStation, ga ɗan firji a kusurwa. Da rana wurin wasan yara, da yamma kallon ƙwallo, da dare fim. Wai ɗaki ɗaya, amfani goma.

Ni ban ce haramun ba ne, ba ni da wannan hurumin. Ban kuma ce hutawa laifi ce ba. Abin da nake cewa shi ne, wannan ɗaki shaida ce a kanmu. Mun kashe wuraren nishaɗin jama'a da sunan tarbiyya, sannan duk wanda ya samu kuɗi ya koma ya gina nasa a ɓoye, ya sa mukulli.

Kano ta san silima tun 1937 da aka buɗe Rex. Mu da muka taso a shekarun 1980 mun san Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba da Wapa. Yawancinsu sun mutu. Yaron yau in ka ce masa Wapa, canjin dala kawai zai tuna. Ba zan ce wuraren nan ba su da matsala ba, akwai shaye-shaye, akwai 'yan daba, iyayenmu suna da hujjar hana mu zuwa. Amma maimakon a gyara, sai aka bar su suka ruɓe, muka yi ta murna wai an kawar da ɓarna.

A 2016 gwamnatin tarayya ta zo da batun gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Gari ya ɗauka, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka janye maganar. Waɗanda suka ƙi abin saboda aƙida, kuma har yau ba fim a gidajensu, ina girmama su, domin maganarsu da aikinsu ɗaya ne. Rigimata da wancan mutumin ce, wanda ya cika mana Facebook da rubutu a lokacin yana cewa za a lalata mana yara, yau kuma shi ne ke aiko mana hoton allon kallonsa mai inci 120 a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai. Malam, fim ɗin ne ya musulunta, ko kuwa dai da ma talaka ne bai cancanci kallo ba?

Domin ɗan talaka bai daina kallo ba, sai dai ya koma inda ba ku gani. Ku leƙa gidan kallon ƙwallo na unguwa ranar da Arsenal ke wasa. Rumfar kwano ce, benci a jere, mutum a kan mutum, ƙofa ɗaya, janareta na tusa hayaƙi a bayan langa-langa, wayoyin wuta a warwatse kamar taliya. Yaro ɗan shekara goma yana zaune kusa da ƙato mai busa sigari. Can 'ya'yan direbanka da na maigadinka suke. In babu kuɗin shiga, sai bakin kwata da waya a hannu. Wannan ita ce tarbiyyar da muka kare?

Ku tuna yadda gidan Bahaushe yake. Ɗakin da ya fi kowane amfani shi ne zaure, kuma a bakin ƙofa yake. Nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan ake karatun allo, nan ake sulhu, nan baƙo ke sauka. Da talabijin ta shigo, gidan da ya fara saya a tsakar gida yake ajiye ta, yaran layi su cika tabarma. Kafin nan ma majigi a fili ake haska shi, kowa ya zo ya kalla kyauta. Yau mun ɗauke wannan ɗaki daga bakin ƙofa mun kai shi wurin da ya fi ko'ina nisa da maƙwabci, bayan get, bayan waya mai lantarki, bayan matakala. Irin abin da muka yi da ruwa ne, famfo ya ƙafe, kowa ya haƙa burtsatse. Wuta ta ƙi, kowa ya sayi janareta da sola. Makarantar gwamnati ta lalace, kowa ya kai nasa ta kuɗi. Yanzu har hira da dariya mun mayar da su na mai shi.

Na san amsoshin da za a ba ni, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko za a ce, ai don a tsare yara a gida ne, kar su fita su haɗu da abokan banza. To, wa ke tare da su a can saman? Ɗaki ne mai duhu, an yi shi musamman don kar sauti ya fita, ga intanet ba iyaka, ga Netflix da YouTube. Maigida yana ofis ko yana Abuja, uwargida tana ƙasa, gwiwa ba ta barin ta hawa bene sau biyar a yini. Fim ɗin da za a nuna a silimar gari aƙalla yana bi ta hannun hukumar tace fina-finai, wadda Kano ke da ita tun 2001. Wanda ɗanka ke kallo ƙarfe biyun dare wa ya tace shi? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na biyu za a ce hassada ce, mutum da kuɗinsa. In ɗan kasuwa ne, tsakaninsa da cinikinsa. Amma mu ma'aikata mun san albashin juna, tsarin albashi ba asiri ba ne. Shekarata kusan ashirin ina aikin gwamnati, na san abin da mai mataki na 14 ke ɗauka, na kuma san bai kai ya sayi waɗannan kujeru da majigi da batiran sola ba, bayan kuɗin makaranta da cefane. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yulin 2024, masinjan ofishinka yana takowa a ƙafa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tambayar daga ina kuɗin suka fito ba hassada ba ce. Tambaya ce da duk mai cike fom ɗin bayyana kadarori ya kamata ya iya amsawa ba tare da gumi ba.

Na uku za a ce, gidana ne, ina ruwan wani. Nan ne ma aka fi kuskure, domin yadda ake yin ginin kansa abin tsoro ne. Wannan tsari daga bidiyon Amurka da Ingila aka kwafo shi, inda matsalarsu sanyi ce, kuma ba ka taɓa rufin gida sai da izinin hukuma. Mu nan sai a kira birkila da kafinta a nuna musu waya, a ce irin wannan nake so.

A ƙa'idar injiniyoyi, dakin gidan zama ana lissafa shi ne a kan nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, na zauren taro kuwa kilo 400 zuwa 500. Katakon silin ma ba a yi shi don a taka ba sam. Yanzu ka ɗora bulo, ka ɗora dandamalin kujeru, ka ɗora teburin sunuka, ga tankin ruwa mai lita 1,000 wanda shi kaɗai tan guda ne, sannan ranar wasan ƙarshe mutum ashirin su yi tsalle lokaci ɗaya. A kan ginshiƙin da aka zuba don hawa ɗaya! Ba mu manta benen da ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022 ba. Gini in zai faɗi ba ya tambayar katangar waye a gefensa.

Sai zafi. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano a ɗakin da aka toshe tagoginsa. Ba AC, ba zama. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit. In wuta ta ɗauke sai janareta, kuma hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari ba shi da launi. Sai gobara. Soson da ake mannawa a bango, in ba wanda aka yi wa maganin wuta ba ne, kamawa yake kamar fetur, hayaƙinsa guba ne. Ɗaki a ƙololuwa, matakala ɗaya siririya, tagogi a toshe, sauran kuma duk burgila. Yara shida suna ciki, ta ina za su fita? Kuma soson nan, da kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa, ba sa hana sauti fita, amsa-kuwwa kawai suke ragewa. A layinmu akwai gidan da in an kunna fim ɗin yaƙi, tagar ɗakin wata tsohuwa da ke maƙwabtaka har rawa take. Ta yi shiru ne kawai don mai gidan babban mutum ne.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba mai yawa ba ne.

In ka ƙudura sai ka gina, ka kira injiniyan gini mai rajista da COREN ya duba ginshiƙi da fandisho kafin a ɗora bulo ko ɗaya, ka nemi izinin hukumar tsara birni, ka yi hanyar fita ta biyu, ka bar taga mai buɗuwa, ka sa na'urar jin hayaƙi da tukunyar kashe wuta. Wanda ya iya sayen majigi ba zai gaza waɗannan ba.

Sannan ka daina yaƙar na jama'a. Duk unguwar da aka yanka filin wasanta aka yi shaguna, da sa hannun ma'aikaci irina da irinka aka yi. Mu masu riƙe da fayil ɗin nan, mu tsaya a bar wa unguwa filinta. A yi ɗakunan taro na unguwa masu haske da iska, a nuna ƙwallo da fina-finan da aka tace, ranar mata daban, ranar yara daban, a tashi kafin dare ya yi nisa. A sa wa gidajen kallo ƙa'idar ƙofa biyu da wayar wuta mai kyau, maimakon a jira sai an yi asara a zo ana jaje.

In kuwa duk wannan ya yi maka nisa, to ga mai sauƙi. Ranar Asabar ka sauko da majigin nan ƙasa, ka haska shi a bangon gareji, ka buɗe get, yaran layi su shigo su zauna da naka. Ba abin da zai ragu a jikinka. Yaran nan da ka bari a bakin kwata, da su 'ya'yanka za su zauna a garin nan bayan ba ka, kuma katanga ba ta taɓa yin tsawon da zai raba su ba.

Wanda ke da ja, ga fili ga mai doki, amma a zo da hujja, ban da zagi. Allah Ya sa mu gyara.