Buhu Mai Ninki Uku Ya Cancanci Shiga Aji

Duk wanda ya ratsa Funtuwa, Bakori da Malumfashi a lokacin kaka zai ga buhunan masara, dawa da wake jibge a bakin hanya. Amma girbi rabin aiki ne. Ƙwaron wake yana yin ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsarsa ta huda ta shiga ciki, cikin 'yan watanni wake ya zama rariya. Don gudun wannan asara wasu ke barbaɗa guba a kan abinci. Sakamakon haka ya bayyana a shekarar 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Alhali kuwa akwai mafita wadda ba ta buƙatar guba. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, bisa binciken da aka faro a arewacin Kamaru, sun samar da buhun PICS, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Ninki uku gare shi: ledoji biyu a ciki, kowace mai kaurin maikuron 80, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, sai saƙaƙƙen buhu a waje mai ɗaukar wahalar jifa da lodi. Idan aka ɗaure kowane daban, ƙwarin sukan shaƙe iskar oksijin da ke ciki, wadda take kashi 21 cikin ɗari a sararin waje, har ta ragu ƙwarai. Daga nan su daina ci da haihuwa, jikinsu ya bushe, su mutu.

To, ashe ƙarfin buhun yana cikin tsarinsa ne, kuma ido ba ya ganin tsari daga waje. Shi ya sa masu zana mazubin kaya suke fitar da aikinsu a takarda ɗauke da tsawo, faɗi, kauri da irin robar da za a yi amfani da ita. Da wannan takarda masana'anta ke aiki. Idan leda ta yi sirara, ko ta huje, aikin ya ɓaci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya dace malaman kimiyya na makarantun sakandare su ɗauki wannan darasi. A ba ɗalibai buhu su warware, su auna kowane ninki, su zana shi a shafinsa, su rubuta amfaninsa da Hausa, da boko da ajami. Sannan su zuba wake a kwalba biyu, ɗaya a toshe, ɗaya a rufe da ƙyalle, su riƙa ƙirga ƙwayoyin da suka huje duk wata. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji zai iya duba buhu a kasuwar Dandume kafin mahaifinsa ya biya kuɗi, ya kuma hana a zuba guba a abincin gida.