Gawo da Lissafin Hasken Rana a Ƙasar Sahel

Duk shekara idan damina ta kankama, sai a ji hukumomi a ƙasashen Sahel suna shelar adadin itatuwan da aka dasa. A Jamhuriyar Nijar ma ranar 3 ga Agusta, wato ranar samun ƴancin kai, ita ce ranar dashen itace. Niyyar mai kyau ce, amma ma'aunin da ake auna nasara da shi gurgu ne. Yawan dashe ba ya nuna ko ƙasa ta farfaɗo. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: nawa ne daga hasken ranar da ke sauka a wuri yake shiga jikin halittun wurin, kuma su wa ke ci daga cikinsa?

Kowace halitta tana bukatar makamashi don ta rayu, kuma kusan dukkansa daga rana yake fitowa. A doron ƙasa, koren ganye ne ke iya kama shi, ya haɗa ruwa da iskar kabon ya mayar da su sukari. Daga ganye makamashin ke wucewa zuwa fara da akuya da saniya, daga su kuma zuwa masu cin nama. Abin da ya mutu ko aka kasayar, gara da buzuzu da ƙananan halittun cikin ƙasa su gama da shi. A shekarar 1942 wani masani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya bayyana yadda makamashin ke raguwa a kowane mataki. Abin da aka saba koyarwa shi ne kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke haurawa zuwa mataki na gaba. Idan ciyawa ta tara mudu 1,000, fara za ta samu 100, ƙadangaren da ya ci fara ya samu 10, shahon da ya ɗauke ƙadangare ya tsira da 1. Mafi yawan sauran yana salwanta ne a matsayin zafi wajen numfashi da motsi. Sinadaran taki suna komawa ƙasa a sake amfani da su, amma makamashi idan ya fita ya fita ke nan, sai rana ta kawo sabo.

A nan ne matsalar Sahel take. Damina wata uku ce zuwa huɗu. Da an girbe gero da dawa, ciyawa ta bushe, sai a shafe kusan wata takwas rana tana dukan ƙasa babu koren ganyen da zai karɓe ta. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa. Yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, domin saiwarsa tana nutsawa har ta cimma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka yana kama hasken rana daidai lokacin da sauran ƙofofin suka rufe, kuma da damina ba ya tare wa gero rana.

Duk wanda ya lura da gindin gawo da rani zai ga al'umma guda ta halittu. Furensa yana ciyar da ƙudan zuma. Ƴaƴansa da ganyensa abinci ne ga awaki da shanu da raƙuma a lokacin da kiwo ya fi wuya. Dabbobin da ke hutawa a inuwarsa suna barin taki, gara da buzuzu su binne shi. Wasu ƙananan halittu da ke zaune a saiwarsa suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska. Shi ya sa geron da aka shuka a ƙarƙashinsa yake fin na fili kyau, abin da manomi ya sani tun kaka da kakanni. Hatta raƙuman dawa na yankin Kure, kudu maso gabashin Yamai, waɗanda suka ragu zuwa kimanin 50 a shekarar 1996 kafin su sake yawaita zuwa ɗaruruwa, suna gangarawa Dallol Boso da rani su ci ganyen gawo. Idan aka sare itace ɗaya, duk masu ci a gindinsa aka rage wa rabo.

Tarihin jihar Maraɗi ya tabbatar da haka. Bayan farin shekarun 1970 an yi ta dasa itatuwa, yawancinsu kuma suka mutu saboda ƙishirwa, da iska, da bakin awaki. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturen tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai a cikin ƙasa. Dabarar da aka kira sassaben zamani mai sauƙi ce: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Babu gandun rainon itace da ya samar da su. Abin da ya taimaka shi ne sassauta tsarin da aka gada daga mulkin mallakar Faransa, wanda ya mayar da itatuwa mallakar hukuma. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai ya raine shi.

Masu goyon bayan dashe suna da hujja, kuma ba a raina ta. Akwai wuraren da ƙasa ta zama faƙo, babu kututture babu iri, dole sai an haƙa ramuka an dasa. Akwai kuma manoman da ke tsoron itace zai tara tsuntsayen da ke cin hatsi. Amma wannan ba dalili ba ne na mayar da dashe ya zama ma'auni a ko'ina. Itacen da aka kawo daga wani yanki, wanda dabba ba ta cin ganyensa, gero kuma ba ya yi a gindinsa, yana iya yin kore alhali makamashin da ya kama bai isa ga kowa ba.

Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, shi ya fi bukatar wannan darasi. Ya kamata rahotanninsa su riƙa faɗin itace nawa ya kai shekara biyar da rai, wata nawa ƙasa ke ɗauke da koren ganye, da yawan abincin dabba da hatsin da ya ƙaru. Gona mai gawo ashirin da suka toho daga kututture, awaki na ci, gero na yi, ta fi fili mai dashe dubu da zai bushe kafin bazara.