Kafin Mu Sa Hannu

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, kowace damina mukan ji kukan ambaliya a birnin Kano, mu ce ƙaddara ce. Anya kuwa? Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini su ne ke shanye ruwan sama. Mun cike da yawansu, mun yanka filaye, ba mu bar magudana ba. To, ina ruwa zai nufa in ba ɗakunanmu ba?

Fadamun Haɗeja da Nguru ma sun ɗanɗana irin wannan rashin hangen nesa. Bayan an gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar dā. Sai kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi.

Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Gobe mu ne masu riƙe alƙalami a ofisoshin filaye. Kada mu sa hannu a takardar da ba ta nuna inda ruwa zai bi ba.