Sunan sarauta na ƙasa ne

Kowane yaro na Kiyeshe ya taɓa jin waɗannan sunaye: Sarkin Arewa, Sarauniyar Lugu, Baura na Bagaji, Samna na Tibiri. Wasu yara suna cewa zancen tsofaffi ne, ba ruwan ɗan lakwal da shi. Sun yi kuskure. Ko mayaƙin da ya ci gari yana bukatar sunan sarautar garin.

Ga misali daga nesa. A shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa, Kambiz, sarkin Farisa, ya ci ƙasar Misira da yaƙi. Baƙo ne: harshensa daban, addininsa daban. A al'adar Misira, Fir'auna yana da sunaye 5 na sarauta. Kambiz ya sa wani babban ɗan ƙasar, Ujahoresnet, ya shirya masa nasa. Aka sa masa Mesutire, wato "haifaffen Ra". Ra shi ne rana, wadda mutanen Misira suke bauta wa a lokacin. Aka kuma kira shi "mai haɗa ƙasa biyu", ta kudu da ta arewa. A shekara ta 332, Iskandar na Makedoniya ya karɓe Misira daga hannun Farisawa. Shi ma aka zana masa suna irin na Fir'auna: "zaɓaɓɓen Ra".

Me ya sa mai rinjaye yake aron sunan waɗanda ya rinjaya? Domin takobi yana buɗe ƙofar gari, amma ba ya sa manomi ya yi biyayya. Talaka sunan da ya gada yake bi.

Ƙasar Hausa ma ta ga haka. A 1807 masu jihadi suka ci Katsina. Ummarun Dallaji ya hau mulki, aka kira shi Sarkin Katsina. Tsohon gidan sarautar ya yi arewa, ya zauna Maraɗi, bai saki sunan ba. Har yau mai Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. A Kano kuwa, Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya ɗauko tsofaffin sarautu irin su Galadima da Madaki ya naɗa mutanensa.

A nan Arewa, tsofaffi suna ba da labarin Ari, ɗan sarkin Barno. Baƙo ne, ya auri ɗiyar Baura, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Zuriyarsa ta riƙe mulki. Amma al'adun ƙasa suka zauna hannun Gubawa, wajen Sarauniya da Baura. Baƙo ya samu rawani, bai ture masu gida ba.

Wani zai ce: ai wannan wayo ne, yaudarar talaka ce. Lalle akwai wayo a ciki. Mutanen Misira ma ba su manta Farisawa baƙi ne ba. Sun yi ta tawaye, har suka ƙwaci kansu a shekara ta 404. Amma wanda ya ɗauki suna ya ɗauki nauyinsa. Ujahoresnet ya bar rubutu cewa Kambiz ya sa an fitar da baƙin da suka mamaye gidan bauta na birnin Sayis, aka mayar da hadayun da aka saba. Tunda ya yarda a ce masa Fir'auna, dole ya yi aikin Fir'auna.

A dubi Turawan Faransa. A 1899 sojojin Bule suka auka wa Lugu, Sarauniya Mangu ta yi musu turjiya. Daga baya suka mallaki ƙasar. Kumandan bai ɗauki sunan ƙasa ba, kumandan ya zo, kumandan ya zauna. A 1960 mulkinsu ya ƙare. Sarautar Sarauniya kuwa tana nan Lugu.

Ashe sunan sarauta ba na mai rawani ba ne, na ƙasa ne. Aro aka ba shi. Ɗan lakwal da ya san ma'anar sunan ya san abin da jama'a take bin sarki bashi. Saboda haka ya kamata kowane yaro ya zauna gaban kakansa ya tambaya, ya rubuta abin da ya ji da Hausa, tun mai faɗa yana da rai.

Tambayoyi
1. Wa ya shirya wa Kambiz sunansa na sarauta?
2. Don me ake ce wa mai Maraɗi Sarkin Katsina?
3. Waɗanne sarautu ake da su a Kiyeshe da kewaye?