Kuɗin Koyon Tuƙi a Ma'aunin Harajin Birtaniya

'Yan'uwanmu masu sana'ar kansu a Birtaniya sukan tambaye ni ko ana cire kuɗin koyon tuƙi daga ribar da ake biya wa haraji. Amsata a mafi yawan lokuta ita ce a'a. Dokar harajin 2005 ta gindaya cewa abin cirewa sai an kashe shi dungurungum domin sana'a kaɗai. Tuƙi kuwa sabuwar ƙwarewa ce da mutum zai mora har a ziyarar dangi.

Hidimar mota ta fi sauƙi. A shekarar haraji ta 2024/25, hukumar HMRC ta amince da kwabon Ingila 45 kan kowane mil na tafiyar aiki har mil 10,000, sai kwabo 25 bayan haka. Wanda ya zaɓi wannan lissafi ba zai ƙara kuɗin mai, inshora ko gyara ba. Zirga-zirgar gida zuwa shago da tarar hanya ba sa ciki.

Shawarata ita ce ku rubuta kowace tafiya ranar da aka yi ta. Ranar bincike, hukuma takarda take nema, ba rantsuwa ba.